Ƙanzon Mai Tukunya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na fara aiki a wurin tonon kayan tarihin, ni da na ce ƙafata ba za ta taka wurin ba. ’Yata Auta ce ta matsa. Wata shida ke nan da na ajiye aikin kula da ɗakin kwanan ’yan mata, bayan shekara ashirin da takwas a makarantar kwana, kuma ta ce ta gaji da dawowa ta tarar ina goge tagar da na goge jiya. Suna neman mata masu wanke tsingaro, sai ta ba da sunana ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi mata faɗa a kan haka, don ba tarbiyyar da na ba ta ba ce, sannan na sa takalmina na bi ta.

Wurin yana bayan gari, a gindin tudun da za a fasa a shimfiɗa sabon titi. An ba jami’a mako shida kafin motocin titi su iso. Sun ja igiyoyi sun yanyanka ƙasa gida-gida kamar sabulu. Auta ke riƙe da rami na huɗu, da mutum bakwai a ƙarƙashinta. Shekara tara tana karatun ƙasusuwa da tukwanen mutanen da, kuma wannan ne karo na farko da aka danƙa mata rami nata na kanta. Farfesa, shugaban aikin, ya ce in ta fito da shi lafiya zai tsaya mata a ɗauke ta aiki na dindindin.

Mu shida ne a rumfar wanki. Uwar rumfa, wata doguwa mai gilashi, ta karanta mana doka: ruwa zalla, ba sabulu, burushin haƙori, ba soso, kada takarda ta rabu da ledarta, abin da aka ɗaura wa jan zare kuwa ruwa ba ya taɓa shi sam. Na ce mata wankin da ba sabulu ai jiƙo ne. Matan suka yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta burge ni.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Leda goma sha ɗaya na wanke yau, ta kusa da ni bakwai. Matar direba ce, bakinta ya fi hannunta sauri. Ta sa mini suna Dubagari saboda na hana ta zubar da ruwa a bakin rumfa. Na ce mata na amsa, ta bari in zo gidanta duba.

Abin da ban zata ba: in ƙasar ta fita, zane ke bayyana. Masu ginin tukwanen sun murɗa igiya sun garata a jikin yumɓu tun yana ɗanye. Kafin azahar na gane hannun mutum biyu. Ɗaya mai natsuwa ce, layinta ba ya hawa ɗan’uwansa. Ɗayar kuwa gaggawa ce da ita, ta fara da kyau ta ƙarasa ko yaya. Na san irinta, na yi su da yawa a ɗakin kwana. Na ware su tire biyu na nuna wa Uwar rumfa. Ta daɗe tana kallo, ta kira Farfesa, shi ma ya duba ya ce a rubuta. A rubuta! Abin da na gani da idona yana cikin littafin jami’a.

Ɗaliban dai Allah ya shirye su. Wando a yage a gwiwa, wai haka ake sayar da shi.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

A kan guiwata nake rubutun nan. Ɗazu Auta ta shigo rumfa a guje, abin da na hana ta tun tana firamare, ta ce, “Mama, ajiye, zo ki gani.”

Ƙasusuwan mace ne, a ramin Auta. Tana kwance a gefenta, ta tanƙwashe ƙafafu kamar mai jin sanyi, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Dab da fuskarta tukunya ce a zaune, lafiya ƙalau, an rufe bakinta da faffaɗan dutse. Na tsaya a bakin ramin. Tambayar farko da na yi ita ce da wane izini ake yaye wa baiwar Allah ƙasarta. Auta ta nuna mini turakun da ma’aikatan titi suka kafa. Layin ya bi ta kan ƙirjin matar daidai. Ta ce in ba su ɗauke ta ba, mota za ta niƙe ta, kuma in an gama nazari za a mayar da ita ƙasa nesa da hanya. Na ce to, amma kada in ji dariya a kanta. Ɗaliban suka yi tsit.

Juma’a, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tun asuba na shirya. Auta ce ke ɓata mini lokaci da neman safa.

Juma’a, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zaunar da ni ta karanta mini matar kamar wasiƙa. Ƙasusuwan manyan yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, guiwoyinta sun cinye: durƙuson niƙa ne, kullum, tun tana yarinya. Hannunta na hagu ya taɓa karyewa ya haɗe daidai, ke nan wani ya ɗaure mata shi ya kuma ɗauke mata aiki har ta warke. Haƙoranta sun nuna ta haura hamsin. Sa’ata ce ashe. Matar direba ta ce to ga ƙawa na samu wadda ba za ta mayar mini da magana ba. Mun sa mata suna Mai Tukunya.

Ban san Auta ta san abubuwa haka ba. A gida ko shayi sai na tuna mata ta kashe wuta.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An ɗaga tukunyar. Awa uku suna yi, da cokalin gini da ɗan tsinke, Auta a kife a ƙasa kamar ba ’ya mace ba. Da aka ɗauke dutsen, Farfesa ya leƙa ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Cikin baƙi ƙirin ne da ƙanzo, daga gindi har wuya. Kowa sai murna. Auta ta yi mini bayani a hanya, amma tana magana da sauri kuma mota na jijjiga. Abin da na kama shi ne ƙasar wurin ta tsotse ƙasusuwan, ba za su faɗi shekarunsu ba, ba a kuma samu gawayi a ramin ba, to daga ƙanzon za a san zamanin matar da abin da aka dafa. Suna zaton shekara dubu uku ko fi.

Ni dai wani abu ya tsaya mini. Mace ta yi shekara hamsin tana durƙushe tana yi muku niƙa, ranar rabuwa ku rasa abin da za ku sa mata a gaban fuska sai tukunyar da ta kama, ba wanki? Auta ta ce wataƙila abincin bankwana aka dafa mata. Na ce to wa ya bar shi ya ƙone? Ina da tabbacin suruka ce, kuma ita ce mai zanen gaggawar nan.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ranar Laraba manyan baƙi za su zo: mutanen gidan tarihi, da wata likita daga ɗakin gwaje-gwaje, da masu ɗaukar hoto. Duk don tukunyar. Farfesa ya yi tafiya da mabuɗin sito a aljihu, mazan nan duk ɗaya suke, don haka an ajiye ta a rumfarmu, a kan katakon sama. Na ga Auta da safar hannu tana ta aune-aune a kanta da rana. Ina jin sun riga sun ɗebi abin da za su ɗiba.

Shekara ashirin da takwas ban taɓa bari baƙo ya shigo mini ɗakin kwana ya ga abin faɗa ba. Gobe da wuri zan je.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na riga kowa zuwa da awa biyu. Na share rumfa, na wanke bokitai, na jera tire bisa lamba, na cire yanar da ke kusurwa tun zuwanmu. Na zo da kayana daga gida, don nasu ba sa fitar da komai. Rumfa sai ƙyalli take yi.

Ashe tukunyar ja ce. Ja mai kyau, kamar yau aka fito da ita daga wuta. Har da wani ɗan zane a cikin wuyanta da ba wanda ya gani, layi uku a jere, kuma hannun mai natsuwar ne. Yanzu duk wanda ya leƙa ba zai raina matar nan ba. Na ƙosa Auta ta shigo.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ba ta ce mini komai ba a mota.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kaina na ciwo. Ban je ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Auta ta dawo ta shige ɗaki. Na ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Yara na yanzu ba su san gaisuwa ba ta faɗuwa don rai ya ɓaci ba. Tsafta dai ba laifi ba ce.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je. Matar direba ce ta ba ni labari ƙasa-ƙasa, ba tare da ta kalle ni ba. Likitar ta zo da kwalabanta a jaka mai sanyi, ta leƙa tukunyar, ta shinshina, ta rufe jakarta. Masu hoto ba su ɗauki komai ba. A gaban kowa Auta ta ce ita ce ta sauko da tukunyar kan teburin wanki ta manta ba ta ɗaura mata jan zare ba, don haka duk wadda ta wanke ba ta da laifi, kuma ba ta son a tambayi kowa. Farfesa ya karɓe rami na huɗu daga hannunta. Kwamitin jami’a zai zauna Alhamis mai zuwa ya yanke ko za ta ci gaba ko ta tattara kayanta. Kafin nan an mayar da ita kan rariya, tana tankaɗe ƙasar da wasu suka haƙo.

Uwar rumfa ta miƙo mini ledata ta yau, ta dube ni ta saman gilashi. Ni ban ga wani zare ba.

Juma’a, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau rana ce. A rami na biyu an fito da gidajensu. Daɓe ne zagaye-zagaye har guda huɗu, da ramukan da aka kafa turaku, da murhu mai duwatsu uku, tokar na nan kamar jiya aka tashi daga girki. A bakin ƙofar ɗaya aka samu dutsen niƙa, tsakiyarsa ya lotsa har hannuna ya shige zuwa wuyan hannu. An bar mu mun je kallo bibbiyu. Na durƙusa a gabansa don in gwada, guiwata ta yi ƙara, ɗaliban suka ruga za su ɗaga ni, na ce su ja baya. Daga inda na durƙusa kana ganin ƙofar duka ɗakunan huɗu. Wayo ke nan. Tana niƙa, idonta na kan kowane yaro. Na faɗa wa wani ɗalibi haka, ya ce bai lura ba, ya zana a takardarsa.

Abin da ya fi faranta mini rai, sharar gidan duk a wuri ɗaya suke zubarwa, can bayan ɗakuna. Mutanen kirki ne.

Daga nan ana hango masu rariya. Auta ta ɗaure hancinta da ƙyalle.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Tsakiya ashirin da uku, irin ta ado a wuya, na farin dutse, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba, an huda su tsaf. Da me suka huda? Na yini ina tunanin wannan. A rariya aka same su. An ce mai tankaɗen tana da ido.

Wataƙila zaren ya kwance da kansa ya faɗi. Yana faruwa.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yayan Auta ya bugo. Ta gaya masa rabin zancen. Ya ce in kwantar da hankalina, yarinya ce, in wannan aikin ya kuɓuce wani zai zo, dama shi bai taɓa ganin amfanin tonon tsofaffin tukwane ba. Na wanke shi tas. Na ce shi da ko ƙusa bai iya bugawa a bango ba, ƙanwarsa na kallon ƙashin yatsa ta gaya maka yadda mutum ya rayu. Ya ce, “To Mama, ai ke ce kika fi kowa cewa aikin banza ne.” Na ce masa layin ba ya da kyau.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na sami Auta a kicin tana wanke kofi. Na fara da abin da na saba, cewa a gidan nan ba a ƙarya, ko da ta alheri ce, kuma na yi mamakin jin abin da ta faɗa a gaban manya. Ta ajiye kofin ta juyo.

“Mama, ƙaryar wa muke magana?”

Na ce kada ta ɗaga mini murya. Ba ta ɗaga ba, ni ma na sani.

Ta ce, “Ni na kawo ki. In na ce ke ce, za a ce na kawo uwata ta ɓata aikin mutane. In na ce ni ce, za a ce na yi sakaci. Duka biyun a kaina suke. Sai na zaɓi wanda za ki iya fita kasuwa da shi.”

Na ce ban roƙe ta ba. Ta ce ta sani, ban taɓa roƙon kowa komai ba. Sannan ta ce tun rasuwar Babansu ba ta ji na yi dariya irin ta makon farkon nan ba, kuma ba ta so a raba ni da rumfar. Ta nemi in yi alkawarin yin shiru. Ban ce e ba, ban ce a’a ba. Kofin ma bai fita ba, na sake wanke shi bayan ta tafi.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Leda goma sha huɗu. An fara samun hannu na uku, mai zane da farce. Matar direba ta ce yau Dubagari ba ta duba kowa ba, ko lafiya. Na ce ta kula da bokitinta.

Wanda aka ba rami na huɗu yana tsallake Mai Tukunya da takalmi. Auta zagayawa take yi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Akwai wata yarinya a shekarata ta tara a makaranta. Ta fasa tagar ɗakin kwana, ƙawarta ta ce ita ce, ta yi shiru aka hori ƙawar mako guda. Da na gano, na tsayar da ita a gaban ’yan mata ɗari uku na ce su dube ta da kyau. Na ce fasa taga kuskure ne, amma barin wani ya ɗauki hukuncinka hali ne. Na daɗe ina alfahari da wannan jimlar. Na maimaita ta sau da yawa.

Ban san me ya tuno mini da ita ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Zaren yana cikin jakata, a ƙaramin aljihu, tun ranar. Ɗauri biyu aka yi masa, da haƙori na kwance.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na jira har Auta ta tafi da baro zuwa wurin rariya, sannan na wanke hannu na nufi tantin Farfesa. Yana cin burodi a kan taswira. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya kira ni Mama, ko da yake ya girme ni. Na ce tsaye zan yi. Na ajiye zaren a kan taswirar na gaya masa daga farko: yadda na taka bokiti na sauko da tukunyar, yadda na ga zaren na san ma’anarsa, yadda na yanke wa kaina cewa sun riga sun ɗebi nasu ba tare da na tambayi kowa ba.

Ya tambaya da me na wanke ta. Na ce garin sabulu da soson waya. Ya rufe ido. Ya tambaya ko na bar wani abu, ko a gindi, ko a ƙarƙashin wuya. Na ce ni ba na barin komai. Ɗauraya nawa? Uku, ta ƙarshe da ruwan zafi daga fulas. Ruwan fa? A kwata, na kuma bi shi da bokiti biyu. Kowace amsa sai na ga kamar na cire masa haƙori. Yau ne karo na farko da na ji kunyar iya aikina.

Ya ce, “Me ya sa?”

Na ce baƙi za su zo su leƙa tukunyar mace, ita kuma ba ta da halin tashi ta gyara.

Ya daɗe yana kallon zaren. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya ga ɓarayi, ya ga ambaliya, ya ga akuya ta cinye takardun rami guda, amma bai taɓa ganin wanda ya ɓata abu don kare mutuncin mamaci ba. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, in san cewa ƙanzon nan shi kaɗai ne bakin da ya rage wa matar. Yanzu ba za a taɓa sanin shekarar da ta rayu ba, ko abin da ’ya’yanta suka dafa mata. Na ce na sani. A gaskiya sai da ya faɗa na sani.

Ya ce akwai kuma maganar ƙaryar da Auta ta yi masa ido da ido, wannan daban ce, kuma ita ta fi damunsa. Nan ne na zauna a kujerar. Na ce yarinyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba ko a kan alewa, ni na matse ta a lungun da ba ta da wata ƙofa. Na ce ya kore ni, ya kafa sunana a allo, amma kada ya raba ramin da mai zagaya matar. Na ce ina roƙonsa. Kalmar ta fito da ƙyar kamar tsohuwar ƙusa.

Ya ce ba shi kaɗai ke yankewa ba, in rubuta duk abin da na faɗa in sa hannu. Na rubuta shafi biyu. Ya karanta ya ce bai taɓa ganin laifi da kyakkyawan rubutu haka ba.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ina gida. Na goge tagogi. Kwamitin yana zaune yanzu.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Shiru.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

An mayar wa Auta da raminta. An mayar mata! Daga gobe. Za a sa mata takardar gargaɗi a fayil saboda ƙaryar, maganar aikin dindindin kuma sai an ga yadda ta ƙarasa. Ni kuwa an ce kada in sake wuce igiyar da ke tare ’yan kallo. Daidai ne. Da ni ce a kwamitin da hukuncin ya fi haka.

A tsaye ta faɗa mini, jakarta a kafaɗa. Ta ce ai ta ce in bari. Na ce na ji lokacin da ta faɗa. Ta ce Uwar rumfa ta tsaya mata sosai, ta kuma ce a gaya mini tirena biyu suna nan yadda na ware su. Ta juya za ta shiga ɗaki, na kira ta. Na shirya magana doguwa tun rana, mai farko da tsakiya da darasi a ƙarshe. Abin da ya fito kawai shi ne, “Ki yafe mini, Auta.” Ta tsaya ta ba ni baya. Can ta ce yunwa take ji. Ta cinye, ta ƙara.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka ɗauke Mai Tukunya. Na tafi da lemata tun ƙarfe takwas na kama wuri a bakin igiya, inda ake hango rami na huɗu sosai. Mutanen gari sun cika, har da masu ɗora yara a wuya. Daga nan ba a jin magana, sai dai a ga hannu. Auta ta shiga ramin ba takalmi. Ƙashi ɗaya-ɗaya take ɗagowa, ta nuna, a rubuta, a naɗe, a sa a akwati mai auduga. Mutum bakwai, ba wanda ya motsa sai ta ɗaga kai. Farfesa da kansa yana riƙe mata tire. Da ta zo kan hannun da ke ƙarƙashin kumatun, ta fi rabin awa, ni kuma na manta da lemar har rana ta gasa mini wuya. Ta ɗago kan da hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Wurin ya yi tsit, ban ma sa baki ba.

Wata mata kusa da ni, mai cin gyaɗa tana zubar da ɓawo a ƙasa, ta taɓo ni da gwiwar hannu. Ta ce wai ko na ji labarin, an ce wata tsohuwa mai shisshigi ta kama tukunyar shekara dubu uku ta dirje ta da sabulu, duk gari ana ta dariya. Ta ce tana so ta ga fuskar matar nan.

Na ce, “Ga ta. Ni ce.”

Gyaɗar ta tsaya mata a hannu. Na ce ta kalla da kyau in ta gama ta tsince ɓawonta, kuma ta matsa kaɗan, tana tare mini ’yata.